Inda Hantsi Ba Ya Leƙa Gidan Kowa

Yawancin ɗaliban da ke zuwa Birtaniya karatu a watan Satumba suke sauka. Ni ma a watan na sauka a Aberdeen, birnin da ke bakin teku a arewa maso gabashin Sikotlan, inda harkar man fetur da jami'o'i biyu suka tara 'yan Najeriya masu yawa. Kafin in taso, kowa a kan sanyi ya ja mini kunne. Aka ce in nemi rigar sanyi mai kauri da safar hannu da takalmin da ruwa ba ya ratsawa, na kuwa saya duka. Babu wanda ya yi mini zancen duhu.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ake mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya. Magaribar da jiya ta yi wajen shida saura, yau sai ta yi kafin biyar. Daga nan kullum yini ƙara tsukewa yake yi, har zuwa 21 ga Disamba, lokacin da rana ke fitowa tara saura kwata ta faɗi kafin uku da rabi. Yinin duka bai kai awa 7 ba. Ko a cikin wannan ɗan lokacin ma ranar ba ta hawa sama. Da tsakar rana tana can ƙasa-ƙasa ta kudu, ba ta wuce digiri 10 daga doron ƙasa ba, gini mai hawa uku ya isa ya tare ta. Ana yin Azahar sha biyu da 'yan mintoci, La'asar wajen ɗaya da rabi, kafin ka gama lacca ɗaya Magariba ta yi. A Kano kuwa, a wannan rana ta Disamba, yini ya haura awa 11, kuma tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Jikin da ya tashi a Kano ko Zinder ko Sakkwato bai taɓa sanin dare mai awa 17 ba.

Ni ta barci abin ya fara mini. Sai in kwana awa 10 in tashi kamar an ɗora mini buhun gero a kafaɗa. Sai kwaɗayin burodi da shinkafa da kayan zaƙi, ci ba ƙoshi. Shafi ɗaya na littafi in karanta shi sau uku ban riƙe komai ba. Waya ta yi ta ƙara daga gida, ina kallo, ina son masu kiran, amma ɗagawar ta zame mini aiki. Na ɗauka kewar gida ce, kuma akwai kewar. Amma kewa ba ta ɗagawa don watan Maris ya kama, wannan kuwa ya ɗaga, sannan ya dawo a Nuwamban da ya biyo baya, lokacin da na riga na saba da gari na yi abokai.

Likitoci sun san wannan lalura, a taƙaice SAD suke kiranta, wato ciwon damuwa mai bin yanayin shekara. Wanda ya fara bayyana ta a rubuce a 1984, tare da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, shi ne Dakta Norman Rosenthal. Labarinsa ya taɓa ni, domin shi ma daga Afirka ya je. A Johannesburg ya tashi, ya koma birnin New York a 1976, da hunturu ya shigo ya ji ƙarfinsa ya zube, da bazara ta dawo ya ji ya dawo daidai. Mutanen da aka haifa a can sun ɗauki abin a matsayin yadda rayuwa take. Baƙon da ya san wata rana dabam shi ya gane cewa akwai abin tambaya.

Abin yana da mataki-mataki. Mutane da yawa kasala ce kawai da rashin walwala, suna zuwa aiki suna dawowa, sai dai komai a daddafe. Kaɗan ne abin ke kayar da su ya zama cikakken ciwon damuwa. Mata sun fi maza kamuwa, kuma ya fi farawa a shekarun ƙuruciya. Wani bincike da aka buga a 1990 ya kwatanta garuruwan gabashin Amurka, ya samu kashi 1.4 cikin ɗari a Florida mai rana, kashi 9.7 a New Hampshire da ke can arewa. Sai dai ba a nan maganar ta ƙare ba. An samu cewa a Iceland, duk da duhunta, masu lalurar ba su kai yadda aka zata ba, kuma wani nazari na 2016 a kan Amurkawa sama da 34,000 bai ga alamun damuwa suna hawa da sauka da yanayi ba. Har yau masana na jayayya a kan yawan masu ita da iyakarta. A nawa ganin, jayayyar ba ta shafe abin da dubban mutane ke ji a jikinsu duk shekara ba, ta dai nuna cewa nisa daga rana ba shi kaɗai ke aiki ba. Yadda mutum ke tafiyar da yininsa yana da nasa kaso, kuma a nan ne dabara take.

Don a gane dabarar, sai an san abin da haske ke yi wa jiki ban da gani. A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gicciye, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne agogon jiki. Shi ke faɗa wa jiki lokacin barci da na farkawa, lokacin yunwa, lokacin da zafin jiki zai hau ko ya sauka. Agogon nan ba ya tafiya daidai da na bango: a yawancin mutane zagayensa ya ɗara awa 24 da 'yan mintoci, don haka kullum sai an saita shi. Mai saita shi haske ne, musamman na safe. A 2002 David Berson da abokan aikinsa suka tabbatar da cewa a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman waɗanda babban aikinsu auna ƙarfin haske ne su aika wa agogon. Idan saƙon ya iso da safe, sai jiki ya tsayar da sinadarin melatonin, wanda yake fitarwa cikin duhu don shirya barci, ya kuma jawo agogon baya ya daidaita da gari. Idan saƙon bai iso ba, ko ya iso da rauni, sai agogon ya riƙa zamewa gaba. Mutum na zaune a aji ƙarfe tara, jikinsa kuwa yana can cikin dare. Haske mai ƙarfi da daddare, irin na fitilu da allon waya, ƙara tura shi gaba yake yi.

Mutum zai ce ai ɗakinsa da fitila a kunne tun asuba. Ido ne ke yaudararmu, domin yana sabawa da duk hasken da ya samu. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Falo mai fitila da wuya ya wuce luks 200, ofis mai haske sosai 500. Waje kuwa, ko a ranar da gajimare ya rufe sama ruf, ana samun 1,000 zuwa sama, rana tsaka a ƙasarmu kuma takan kai 100,000. Tun a 1980 Alfred Lewy ya nuna cewa haske mai ƙarfin luks 2,500 yana tsayar da melatonin a jikin ɗan Adam fiye da yadda fitilar ɗaki za ta iya. Wato sararin Aberdeen mai launin toka, wanda ka leƙa ta taga ka ce yau babu rana, ya ninka fitilar ɗakinka sau da yawa.

Da na fahimci wannan sai na tuna da tsofaffin unguwarmu. Idan jaura ta kaɗo a watan Janairu, da zarar rana ta ɗan ɗaga za ka ga an shimfiɗa tabarma a jikin katangar da ke kallon gabas, dattawa sun jeru suna shan hantsi, mata a tsakar gida sun fito da yara suna yi musu kari a rana. Ɗumi muke nema, ba mu san muna saita agogon jiki ba. Bahaushe ya yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa, domin a wurinmu kyauta yake zuwa, ko ka nema ko ba ka nema ba. A can arewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ya leƙa gidan kowa. Kai za ka fita ka same shi.

Saboda haka abu na farko, wanda na fifita a kan duk sauran, shi ne fita waje da hantsi kullum, rabin awa zuwa awa ɗaya, ko da hadari ko da yayyafi. A 1996 Anna Wirz-Justice ta gwada wannan a birnin Basel na Suwizalan: masu lalurar da suka riƙa tafiyar awa ɗaya a waje kowace safiya sun samu sauƙi a fili. Riba biyu ce, ga haske ga motsa jiki, wanda shi ma an tabbatar yana rage damuwa. Aberdeen ta yi sa'a bakin tekunta gabas yake kallo, don haka nakan bi gaɓar daidai fitowar rana. Ranar da iska ta yi tsanani sai in tafi lambun Duthie, inda akwai manyan ɗakunan gilashi masu ɗumi da aka cika da tsirran ƙasashen zafi da na hamada, shiga kuma kyauta. Wanda lacca ko aiki ya tsare da safe, ya sauka daga bas kafin tasharsa ya ƙarasa da ƙafa, ya ci abincin rana a waje ko a jikin taga, ya jawo teburin karatunsa kusa da taga ya yaye labule. Mutanen Norwe suna da magana cewa babu mugun yanayi sai dai mugun tufafi. Riga uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi ƙatuwar riga guda riƙe ɗumi, kuma wanda ƙafarsa ta jiƙe sau ɗaya ba zai so fita gobe ba, don haka kuɗin takalmi mai kyau ba asara ba ne.

Akwai waɗanda wannan shawara ta fi yi wa wuya, kuma su na fi tausayawa. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma ayyukan da 'yan uwanmu suka fi samu su ne kula da tsofaffi da ɗaukar kaya a manyan rumbunan ajiya, sau da yawa da dare. Mutum ya tashi aiki takwas na safe gari bai gama wayewa ba, ya kwanta, ya farka huɗu na yamma duhu ya rufa. Zai iya yin mako bai ga hasken rana ba ko sau ɗaya. Kuɗin haya da na makaranta ba sa jira, na sani. Amma in da hali, a haɗa kwanakin aikin dare wuri guda maimakon a warwatsa su cikin mako, a sa ƙararrawa a tashi wajen ɗaya ko biyu don a riski sauran hasken yinin, ranakun hutu kuma a ba wa safiya haƙƙinta.

Ga wanda fita ba ta ishe shi ba akwai fitila ta musamman mai ƙarfin luks 10,000. Ana ajiye ta a gefen fuska, a tazarar da masu ƙera ta suka faɗa, minti 20 zuwa 30 bayan an tashi, ido a buɗe amma ba a ƙura mata shi ba. Ana iya karin kumallo ko karatun Alƙur'ani a gabanta. Ga mai tashi sallar Asuba wannan ya yi daidai, domin tsakanin Asuba da fitowar rana a Disamba akwai kusan awa biyu na duhu, lokacin da komawa bargo ya fi komai daɗi. Waɗanda take yi wa aiki sukan ji canji cikin mako ɗaya ko biyu. Ba kowa take yi wa ba, kuma hukumar lafiya ta Birtaniya ba ta cika bayar da ita kyauta ba. Kada a kunna ta da dare, sai ta hana barci. Mai ciwon ido, da mai shan maganin da ke sa jiki ƙin haske, da mai lalurar da ke sa mutum ya riƙa lilo tsakanin tsananin damuwa da tsananin zumuɗi, su nemi shawarar likita tukuna, domin a wannan na ƙarshen hasken zai iya tayar da zumuɗin.

Zancen bitamin D yana bukatar a faɗe shi da gaskiya, don an cika zuzuta shi. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da za ta sa a haɗa shi. Baƙar fata kuwa ta fi bukatar rana mai yawa kafin ta haɗa adadin da farar fata za ta haɗa. Shi ya sa hukumomin lafiya na can suka ba kowa shawarar shan maikrogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata da masu rufe yawancin jikinsu kuma duk shekara. Wannan ya shafe mu kai tsaye, musamman mata masu hijabi. Ƙarancinsa na kawo ciwon ƙashi da raunin tsoka da gajiya, don haka a sha, a kuma ci kifi mai mai irin taitus da sadin, da gwaiduwar ƙwai. Amma kada a ɗauka shi ne maganin damuwa. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2020, a kan mutum sama da 18,000, bai samu cewa shan sa kullum yana hana kamuwa da ciwon damuwa ba. Yawan sa kuma illa ne, babba kada ya wuce maikrogiram 100 a rana. Akwai kuma wani ganye da ake sayarwa a kantunan can da sunan St John's wort, ana tallarsa a matsayin maganin damuwa na gargajiya. Yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da maganin hana daskarewar jini da magungunan ƙanjamau, haɗa shi da maganin damuwa na asibiti kuma haɗari ne. Kasancewar abu ganye bai sa ya zama marar illa ba.

Sauran rabin maganar yana cikin abin da duhu ke yi wa zumunci. A gida ba ka shirya ganin mutane. Ka fito ƙofar gida akwai majalisa, ga mai shayi, ga masallacin unguwa sau biyar a rana. A can kowa yana bayan ƙofarsa, da hunturu kuma titi kan mutu tun biyar na yamma. Damuwa tana cewa ka zauna a ɗaki sai ka ji daɗi sannan ka fita, alhali fitar ce ke kawo jin daɗin. A kan wannan Kelly Rohan ta Jami'ar Vermont ta gina wata hanyar jinya ta tattaunawa, inda ake koya wa mutum ya tsara abubuwan da zai yi da hunturu tun kafin ya ji sha'awarsu, ya kuma riƙa tuhumar tunanin nan na cewa ba abin da zai yiwu sai bazara. Ta gwada ta a kan mutum 177. A hunturun farko ita da fitila sun yi kunnen doki, amma a hunturu na biyu bayan jinya, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin ɗari na waɗanda aka koya wa dabarar, kashi 46 na masu fitila. Haka nan Kari Leibowitz, da ta je birnin Tromsø na Norwe inda rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, ta tarar da mutane da yawa suna ɗokin lokacin, suna da abubuwan da sai a cikinsa suke yi, kuma masu wannan kallon sun fi samun natsuwa.

Mu ma muna da abin da za mu gina a kai. Mu shida muka yanke cewa duk daren Asabar za a yi tuwo a ɗakin mutum ɗaya, ana zagayawa, kuma wanda bai zo ba za a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya fi amfani, domin wanda ya fi bukatar zuwa shi ne wanda ba zai zo da kansa ba. Sallar Juma'a, ko cocin Lahadi ga 'yan uwa Kirista, kada a bari ta wuce, kuma in an idar a tsaya a gaisa. Zumunci a ƙafa yake, kiran bidiyo da gida yana da daɗi amma ba ya maye gurbin mutumin da zai kalli fuskarka ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Ka rame."

Ina da magana da na gida ma. Idan ɗanku ko ƙanwarku da ke Birtaniya ko Kanada ko Rasha ta ce ranta ba daɗi, kada a ce mata, "Ke da Allah ya kai Turai, me kika rasa?" Kada a ce raunin imani ne ko rashin godiya. Wannan amsar ce ke sa su yi shiru, shirun kuma shi ne abin tsoro. A yi musu addu'a, a kuma tambaye su ko suna fita da safe, ko suna cin abinci, ko akwai wanda suke gani.

Duk dabarun nan suna da iyaka. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu ba sassauci, ko ya hana karatu da aiki, a je wurin likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin jini kaɗai zai iya nuna cewa ƙarancin jini ne ko matsalar ƙullin maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki, waɗanda alamunsu ke kama da wannan, kuma idan damuwar ce akwai jinyar tattaunawa da magani masu aiki. Wanda ya fara jin cewa mutuwa ta fi masa, ko yana tunanin cutar da kansa, kada ya jira wayewar gari: a Birtaniya ana kiran 116 123 kyauta dare da rana, a Amurka da Kanada 988.

Shekarun da ke tafe za su ƙara wa Musulmin can wani abin lura. Azumin Ramadan yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2026 cikin Fabrairu ya kama, a 2030 zai zo sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, daga nan ya ci gaba da ratsa watannin duhu har shekaru da dama. Azumin zai yi gajarta, shan ruwa kafin huɗu na yamma, buɗe-baki a masallaci kuma zai tara mutane kullum a daidai lokacin da kaɗaici ya fi tsanani. Sai dai al'adar da muka taso da ita ta raya dare a rama barci bayan Asuba har zuwa Azahar, a Kano tana barin mutum da sauran awa shida na rana. A Aberdeen cikin Disamba, wanda ya tashi da Azahar awa uku suka rage masa, hantsin kuma ya riga ya wuce.